Mai-waya da Idon Aro

A shekarar da babban tankin ofishin ruwa ya tsage, ruwa ya gangaro ta matakala ya cika ɗakin fayil har gwiwa, a shekarar ce Akawu ya fara ganin Mai-waya. Kekunan rubutu na ofis duk sun jiƙe sun yi tsatsa, sai aka ɗauko wani siririn saurayi daga bakin kasuwa ya zo ya duba su. Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin Akawu ba tare da ya tambayi kowa ba, ya warware keken gunduwa-gunduwa, ya zuba ƙananan kusoshi a murfin gwangwani. Akawu kuwa a makarantar mishan ya tashi, inda ko fensir ba a taɓawa sai an tambayi mai shi. Ya tsaya a kan saurayin yana huci.

"Kai, in ka kasa mayar da shi fa?"

"Sai ka koma rubutu da hannu, Yaya. An ce hannunka ya fi na keken kyau."

Kafin a tashi aiki keken ya koma daidai, har harafin da ya daɗe yana maƙalewa ya saki. Manajan wancan lokaci ya ce a riƙe saurayin. Aljihunsa ba ya rabuwa da guntayen waya, ja da baƙa da shuɗiya, daga nan masinjoji suka laƙaba masa Mai-waya, sunan ya bi shi har furfura.

Ba injiniya ba ne, bai kuma taɓa cewa shi injiniya ne ba. Da aka kawo kwamfuta ofis, manya suka riƙa zagaye ta kamar an ajiye maciji a tebur, shi ne ya ja kujera ya zauna a gabanta. Turancinsa bai kai ba, don haka lokacin hutun rana yakan kawo littafin na'urar wurin Akawu, Akawu yana fassara masa, shi yana gwadawa. Da haka ya zama mai kula da ɗan ɗakin nan mai sanyi da ke bayan kashiya, inda babbar na'ura take. A cikinta sunayen duk masu shan ruwan famfo suke, da abin da mita ta nuna a kowane gida, da lokutan da injinan tura ruwa za su tashi su tsaya. Ƙofar ɗakin ƙarfe ce, an rubuta a jikinta cewa ba mai shiga sai wanda aka ba izini. Mutum ɗaya aka ba.

Aka ba shi gida a rukunin gidajen ma'aikata, bayan ɗakin injin. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, da bishiyar gwaiba da shi ya dasa, da wata matakala mai ɓantararren baki a ƙofar shiga. A nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa, daga nan aka ɗauki gawar matarsa. Manyan 'ya'yan suka watse neman abinci a garuruwa masu nisa. Auta kaɗai ta rage a hannunsa, ita ma tana makarantar koyon jinya, sai an yi hutu take zuwa.

Akawu ne ya fara lura da idon. Wata safiya ya ga Mai-waya yana zuba shayi ya sa ɗan yatsa a bakin kofi, sai da zafi ya taɓa shi sannan ya ɗauke butar. Daga nan ya shiga kallonsa. Ya ga yadda yake jan bayan hannu a bango in zai bi baranda, da yadda ba ya amsa gaisuwa da suna sai mai gaisuwar ya ƙara magana. Ya bari sai da suka rage su biyu.

"Ƙanena, yaushe abin ya fara?"

"Wane abu?"

"Kar ka mai da ni yaro. Na riga ka shigowa ginin nan."

Mai-waya ya daɗe yana juya kofi a hannu. Sannan ya ce hawan jinin ido ne. Daga gefe-gefe duhun ya fara ci, yanzu abin da ya rage masa ɗan haske ne a tsakiya, kamar mai leƙe ta bututu, shi ma yana ta tsukewa. Likitan da ya gani a wani gari ya ce ba ya dawowa.

"Auta ta sani?"

"Ba ta sani ba. Kai ma ba ka sani ba, Yaya. Ka ji ko? In suka ji, gida za su ce in tafi. To wane gida? Wancan na bayan injin nasu ne. Shi kaɗai ne wurin da nake tafiya ba lalube. Ƙafata ta san kowane rami a cikinsa. Ka bar ni in lallaɓa har yarinyar nan ta gama."

"To aikin fa? Da me kake ganin allon?"

Mai-waya ya yi 'yar dariya, ya zaro siririyar wayar da kullum take maƙale a kunnensa, wadda kowa ya ɗauka rediyo yake ji da ita, ya miƙa masa. Akawu ya sa a kunne. Sai ya ji wata murya mai sauri, ba ta mace ba, ba ta namiji ba, tana karanta abin da ke kan baƙin allon layi bayan layi. Mai-waya ne ya haɗa ta da kansa tun idon bai yi nisa ba, ya ajiye ta cikin shirye-shiryensa na kansa a na'urar, tare da manyan haruffa da launin da yake iya gani.

Ya bayyana wa Akawu yadda abin yake. Na'urar ba ta barin kowa ya taɓa manyan abubuwa da sunansa na yau da kullum, ko da shi ne mai kula da ita. In za ka canja lokacin injin ko ka gyara wani babban fayil, akwai wani ɗan gajeren umarni da kake fara bugawa, ya tambaye ka kalmar sirri, sannan ya ɗaga ka zuwa matsayin mai gida na ɗan lokaci. Mai-waya yana kiran wannan umarni mai gadi.

"Mai gadin nan mutumin kirki ne," in ji shi. "In ya buɗe maka ɗakin mai gida, da jakarka yake barinka ka shiga. Muryata tana cikin jakar. Duk inda na shiga tana biye da ni."

Haka suka ci gaba shekaru. Akawu ya riƙe bakinsa, sai dai ya koyi wasu ƙananan dabaru. In baƙo ya nufo, shi yake fara gaishe shi da ƙarfi da muƙaminsa. In an kawo takarda a sa hannu, sai ya ɗora yatsa a kan layin kamar yana nuna wani abu. Manajoji suka zo suka wuce. Ta ƙarshe mace ce mai ƙarancin shekaru, mai natsuwa, tana kiran su biyun Baba.

Sai hedikwata ta aiko da sanarwa cewa za a sabunta manhajar na'urorin dukan rassa daga can, kuma daga yanzu dokokin mai gadin nan a hannunta suke. Aka yi aikin a ƙarshen mako. Ranar da aka dawo, hantsi ya yi Mai-waya bai fito shan shayi ba. Akawu ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen. Ya same shi zaune, hancinsa kusan yana taɓa allo, da gilashin ƙara girman rubutu a hannu, hawaye na bin kumatunsa saboda yajin haske.

"Sun canja mai gadi, Yaya."

"Kalmar sirrin ce ya ƙi?"

"Ya karɓa. Yana buɗe mini. Amma sabon nan a ƙofa yake karɓe jaka. Ina shiga sai muryar ta yi tsit, haruffa su koma kamar ƙwayar yashi. Wai don tsaro ne, kada mutum ya shigo da abin da ba a sani ba. Gaskiyarsu ce ma. Ni ne dai ta faɗa wa."

Ya gwada abin da ya sani. Ya yi yini guda da gilashin nan yana ƙara layi ɗaya a dokokin mai gadin, wanda zai bar muryar ta bi shi ciki. Ta dawo, ya yi aikin ranar cikin walwala, har ya tsokani kashiya. Washegari layin ya ɓace, don kowace safiya na'urar hedikwata tana shafe duk abin da aka ƙara ta mayar da nata. Saƙo kuma ya biyo baya cikin ladabi: an ga an taɓa dokokin a wannan reshe, duk mai bukatar a sassauta masa wani abu ya rubuto dalili ta hannun manaja, za a duba.

"To ka rubuta mana," in ji Akawu.

"In rubuta me? In ce mai kula da ruwan gari makaho ne, a taimaka masa da murya?"

Da yamma ta yi, lokacin canja jadawalin injin ya matso, Akawu ya ja ɗan benci ya zauna kusa da Mai-waya, ya goge tabarau.

"Buga. Ni zan karanta."

Karatu a bayyane dai sana'arsa ce tun yana yaro. A makarantar mishan a tsaye ake yi, littafi a hannun hagu, in ka haɗiye waƙafi ka sake daga farko. Bai fahimci rabin abin da yake karantawa a allon ba, amma ba ya tsallake ko ɗigo. Mai-waya yana bugawa, Akawu yana faɗin abin da ya fito, harafi babba ko ƙarami, fili ko layi. Wani lokaci Mai-waya ya ce, "Yaya, waccan muryar ta fi ka sauri, kuma ba ta tari." Akawu ya ce, "Waccan ai ba ta jin sanyi. Ɗakin nan naka kabari ne da fanka." Sanyin ya shiga gwiwoyinsa, ya riƙa zuwa da tsohuwar rigar sanyi a jaka. Aikinsa na teburi ya fara taruwa, shi da ba a taɓa samun takarda ta kwana a gabansa ba.

Sun san abin da suke yi ya saɓa doka, sun kuma san ba zai ɗore ba. Ba wanda ya faɗa. Damina ta shiga ta fita suna haka.

A lokacin ne ƙorafi ya yi yawa a hedikwata cewa a wasu rassa ana shafe wa manyan masu shan ruwa lissafinsu a ɓoye. Aka turo mai bincike ba sanarwa. Manaja ta kawo shi ɗakin na'ura da nata mabuɗin. Suka tarar da Akawu zaune a gaban allo, fayil ɗin masu shan ruwa a buɗe da ikon mai gida, Mai-waya kuwa ya juya fuska gefe, hannuwansa a kan maɓallai.

"Wannan ne mai kula da na'urar?" in ji mai binciken, yana nuna Akawu.

"A'a, wannan akawunmu ne," in ji Manaja. Muryarta ta yi ƙasa. "Baba, me kake yi a nan?"

Akawu ya miƙe, ya cire tabarau, ya ninke su. Ya dubi Mai-waya. Mai-waya bai ɗago ba.

"Na shigo ne, ranki ya daɗe."

"Ka shigo yin me?"

"Na dai shigo."

Akawu shi ne mutumin da takardun ƙorafin masu shan ruwa suke bi ta hannunsa, ya san wanda ake bi bashi da wanda ke neman sauƙi. Ba a bukaci dogon tunani ba. Aka dakatar da shi har kwamiti ya zauna. Mai-waya aka bar shi, tunda ɗakinsa ne, kuma ba wanda zai tayar da injin in ba shi ba. An ce shi ma za a ji ta bakinsa daga baya.

Akawu ya koma gida ya zauna. Mutumin da ya yi aikin shekaru masu yawa ba a taɓa jan kunnensa ba, ga shi ritaya ta kusa, yau yara a layi suna nuna ƙofarsa. A coci wani dattijo ya matsa masa hannu ya ce kowa yana iya faɗawa cikin jarraba. Wannan ta fi masa zagi ciwo. Matarsa ta sa shi a gaba.

"Baban yara, ni ka gaya mini. Ka ci kuɗin mutane?"

"Kin san ban ci ba."

"To me ya kai ka ɗakin? Wa kake rufa wa asiri? Abokin naka ko leƙowa bai yi ba. Shi yana can cikin sanyi, kai kana nan kana cin kunya."

Gaskiya ta faɗa, Mai-waya bai leƙo ba. Bai aiko ba, bai kira ba. Akawu yakan zauna a baranda da jarida a cinya ba ya karantawa, yana tsara maganar da zai yi a gaban kwamiti. Magana ce gajera, jimla biyu ta isa ta wanke shi. Sai ya tuna mutumin nan yana jan hannu a bango, ya sake rushe ta. Amma zuciya ba ta da ladabin makaranta. Akwai ranakun da ya ji haushin Mai-waya har abinci ya ƙi shiga. Ya ce a ransa, ko ban ce ka yi magana ba, ai ka zo ka ce sannu.

Ranar kwamiti ya goge takalma, ya sa farar riga mai dogon hannu, ya tafi da niyyar yin shiru. Ya tarar ba kowa a ɗakin taro. Masinja ya ce Manaja tana jiransa a ofis.

"Zauna, Baba," in ji ta. "Ba kwamiti. An janye maganar. Gobe ka dawo teburinka."

"Ranki ya daɗe, ban gane ba."

Ta ɗan jima tana gyara takardun da ba su bukaci gyara ba.

"Kwana kaɗan bayan ka tafi, Baba Mai-waya ya shigo nan. Ya ce in buɗe labule in tsaya inda haske yake. Na tsaya. Ya ce, 'Ranki ya daɗe, na san kina nan don ina jin motsin awarwaronki. Amma tun da kika zo ofishin nan ban taɓa ganin fuskarki ba.' Ya gaya mini komai, da muryar, da abin da sabuntawar ta yi masa, da karatun da kake yi masa. Ya sa aka kira mai binciken, ya nuna masa inda na'urar take ajiye duk umarnin da aka buga. Suka bi su kaf, ba a taɓa lissafin kowa ba."

Akawu ya ce, "To shi fa?"

"Na roƙi hedikwata su mayar masa da muryar ya ci gaba. Yaron da ke kula da na'urori a can ya ce aikin layi ɗaya ne. Amma maganar ta riga ta wuce hannunsa, ta kai ga likitan ma'aikata. Sun ce ya ajiye aiki saboda lafiya. An turo wani daga can ya karɓi ɗakin."

"Gidan kuma?"

"Na sabon ne, Baba. Na nemi a ɗaga masa ƙafa, ba su ba da yawa ba. Yau yake kwashe kaya." Ta dube shi. "Shi ya roƙe ni kada ka ji sai an gama sa hannu. Ya ce in ka ji, za ka zo ka ƙaryata shi, kuma kai an fi yarda da maganarka."

Akawu ya bi ta bayan ɗakin injin. Wata tsohuwar motar kaya tana tsaye a ƙofar gidan, an ɗora gado da katifa da buhunan tufafi. Auta tana fitowa da tukwane, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ɗaki guda suka samu a can ƙarshen gari, a bene, matakalar ba ta da abin riƙewa. Mai-waya yana zaune a kan akwatin ƙarfe a tsakar gida, yana naɗe wata doguwar waya a gwiwar hannu.

"Takun Yaya ne wannan," in ji shi. "Takalmin coci ka sa. An yi kwamitin?"

"Ka san ba a yi ba."

"Madalla. Ka huta da tsayuwa."

"Wa ya sa ka? Na ce maka na gaji ne? Da ka bari yarinyar nan ta gama, ni zan iya ɗauka."

"Za ka iya, shi ya sa." Ya ɗaure bakin wayar ya ajiye a gefe. "Na ari idonka, ka ba ni. Sunanka kuma ban ara ba, Yaya, ɗauka na yi ranar nan da na sunkuyar da kai. Na kwana biyu da shi a hannu, ya yi mini nauyi. Na mayar."

Direba ya danna oda a waje.

"Kama mini akwatin nan ta wancan gefen," in ji Mai-waya, ya miƙe yana laluben marikin. "Kai ka shiga gaba. In mun isa can, ka riƙa gaya mini inda zan sa ƙafa."